Haɗa ajinmu da wani aji a Ingila ta kiran bidiyo: laftof ɗaya gare mu, sabis kuma sai a hankali

MalamarTuranci_Zariya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, yara 56 ne a ajin. Wata malama da ke koyarwa a birnin Leeds na Ingila ta amince mu riƙa haɗa ɗalibanmu su gana ta kiran bidiyo sau ɗaya a wata. Abin da muke da shi: laftof ɗaya, wayata, ƙaramar lasifika mai caji, sai majigin makaranta wanda ba ya tashi sai an tayar da janareta. Wace manhaja ta fi dacewa? Data nawa zan tanada? Yaya zan jera yara 56 gaban kyamara ɗaya ba tare da ajin ya koma kasuwa ba? Sannan an ba ni shawarar in buɗe wa yaran guruf a Facebook ko WhatsApp su riƙa hira da takwarorinsu, amma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Masu sani a taimaka.

Injiniya_Sadarwa

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ɗauki ɓangaren na'ura, in bar wa malamai na koyarwa.

Manhaja tukuna. Zoom na kyauta yana yanke kira a minti 40, ko da ku biyu ne kacal. Google Meet na kyauta ba ya yanke kiran na'ura biyu sai bayan awa 24, amma da zarar na'ura ta uku ta shigo an koma kiran taro, iyakarsa minti 60. Ki lura da wannan, domin idan kika shiga da wayarki don ko-ta-kwana, kin zama ta uku ke nan. Skype kuwa an rufe shi tun watan Mayu na 2025, duk rubutun da kika gani a intanet yana cewa a yi amfani da shi tsoho ne. Mafi sauƙi shi ne ki bar ita malamar ta buɗe kiran da asusun makarantarsu, ko Teams ne ko Meet, ke ki shiga ta adireshin da za ta turo. Makarantun can sukan toshe duk manhajar da hukumarsu ba ta amince da ita ba, to babu amfanin ki zaɓi abin da ba zai buɗe a kwamfutarta ba.

Lissafin data ba shi da wuya. Kiran na'ura biyu mai matsakaicin hoto yana bukatar kamar kilobit 600 a sakan wajen aikawa, da wani 600 wajen karɓa. Idan aka haɗa aka lissafa na awa ɗaya, ya kama kusan MB 540. Idan aka ɗaga hoton zuwa 720p, wato hoto mai haske sosai da ake kira HD, ya haura GB 1 a awa. Murya zalla ba ta wuce kilobit 60 zuwa 80 a sakan. Saboda haka GB 2 ya ishe ki gwaji da kuma kiran kansa, da sharaɗin laftof ɗin ba ta sace datar ta bayan fage ba. Wannan shi ne abin da ya fi cin mutane: ana haɗa kwamfutar da ta yi wata ba ta ga intanet ba, sai Windows ta kama sauke sabuntawa, ta cinye data ta kuma shaƙe layin. Ki shiga saitin intanet ki nuna mata cewa datar a ƙidaye take, ki dakatar da OneDrive da Google Drive, ki rufe sauran shafuka. A cikin Meet ki shiga saitin bidiyo ki mayar da aikawa da karɓa duka 360p. A Zoom ki cire alamar HD.

Gwajin sabis ki yi shi a cikin ajin da za a zauna, a irin ranar da irin lokacin, ba a ofishin shugaban makaranta da yamma ba. Ki buɗe fast.com ko Speedtest, kada babbar lambar saukewa ta ruɗe ki, lambar aikawa ce abin dubawa, domin ita ke kai hoton yaranki can. Idan ta tsaya a megabit 1.5 ko sama a gwaji uku a jere, kin tsira. Idan tana rawa ƙasa da 1, ki gwada layin wani kamfanin, ki kuma gwada kowace taga. Sau da yawa tsakanin taga ta gabas da ta yamma a aji ɗaya akwai bambancin da ya fi na canza layi.

Ki haɗa wayar da laftof ta kebul na USB maimakon raba Wi-Fi: ya fi tsayuwa, wayar kuma tana caji. Amma akwai tarko. A wayoyi da layuka da yawa, idan kira ya shigo wayar tana sauka daga 4G domin ta amsa shi, data ta tsaya cak ko ta ja baya. Ko dai ki sa wani layi dabam da ba wanda ya san lambarsa, ko ki ari MiFi, wato 'yar na'urar raba intanet da ake sa wa layi.

Yanzu abin da ya fi duk waɗannan, wato murya. Yara za su jure hoto mai dishi-dishi na rabin awa, amma ba za su jure minti biyar ba sa jin abin da ake faɗa ba. Makirufon jikin laftof an yi shi ne don mutum ɗaya da ke zaune dab da ita, ba don yarinyar da ke layi na huɗu ba. Ki nemi makirufo mai USB ko na maƙalawa a wuyan riga mai doguwar waya. Lasifikar ki haɗa ta da kebul, kada ki bi ta Bluetooth, saboda yana ƙara jinkiri, jinkirin nan kuma yana rikita tsarin da manhajar ke kashe amsa-kuwwa da shi, sai mutanen can su riƙa jin muryarsu tana dawo musu. Ki ajiye lasifikar mita biyu ko fiye daga makirufo, bakinta na kallon yara. Kuma na'ura ɗaya tak ke da izinin buɗe sauti a ɗakin. Duk ƙugin nan mai tsaga kunne da ake ji, na'ura biyu ne a ɗaki ɗaya kowacce ta buɗe kunne da baki.

Fankar da ke saman mai magana a kashe ta. Idan ajin rufin kwano ne ba silin kuma hadari ya haɗo, ki ɗage kiran kawai, babu makirufon da zai yi gasa da ruwan sama a kan kwano.

Malam_Kimiyya_Gusau

Injiniya ya gama da na'ura, ba ni da ƙari. Inda zan ja hankalin Malama shi ne kada ta ɗora dukkan aikin a kan kiran kai tsaye. Kiran tamkar ranar kasuwa ne, noman ana yin sa ne a sauran kwanaki. Haɗin da aka gina kan ganawar wata-wata kaɗai yakan mutu a karo na biyu ko na uku, saboda an gama "ya sunanka, me kake ci, akwai zafi a garinku", kuma ba sauran abin faɗa.

Fara da agogo. Najeriya ba ta canza lokaci, Ingila tana canzawa. Daga Lahadin ƙarshe ta watan Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba agogonku ɗaya ne da nasu. Daga nan zuwa Maris kun riga su da awa ɗaya: ƙarfe 11 a Zariya ƙarfe 10 ne a Leeds. Kiran da aka fi ɓatawa shi ne na makon da ya biyo bayan canjin. Duk sanda za ku sa rana, ku rubuta lokacin garuruwan biyu. Tsakanin 10 da 12 na safe ya fi, a guji Juma'a. Sannan ku yi musayar kalandar makaranta tun farko, domin su suna da hutun mako guda a tsakiyar kowane zango, wajen ƙarshen Oktoba, tsakiyar Fabrairu da ƙarshen Mayu, ku kuma kuna da watan azumi da hutun salla da ke matsawa kowace shekara. Idan aka cire waɗannan da makonnin jarrabawa, da ƙyar a samu kira shida a shekara. Shidan sun isa in an shirya su.

Batun yara 56. Kada a ce kowa zai yi magana, ba zai yiwu ba. Minti 30 ne kiran. A raba ajin gida bakwai, yara takwas-takwas, kowane kira gida ɗaya ko biyu ne masu baki, sauran suna da aiki a hannu: masu rubuta amsoshin da aka bayar, masu duba taswira, mai riƙe agogo, mai ɗaga kwalin da aka rubuta "a maimaita". A ajiye kujera ɗaya mita guda daga kyamara, a zana mata da'ira da alli a ƙasa, duk mai magana nan zai zauna, ya faɗi sunansa, ya yi tambayarsa, ya tashi. Laftof ɗin a ɗora ta kan littattafai har kyamarar ta zo daidai idon yaro. Taga ta kasance a gaban yara ko a gefensu. In tana bayansu, baƙaƙen inuwoyi kawai mutanen can za su gani.

Tambayoyi a tura su mako guda kafin ranar. Turancin mutanen Yorkshire, yankin da Leeds take, ba irin wanda yaranmu suka saba ji ba ne, suna da sauri suna kuma haɗiye haruffa, su ma namu zai ba su wuya. Malaman biyu su riƙa rubuta kowace tambaya a akwatin saƙon manhajar yayin da ake faɗarta. A kuma koya wa yara su ƙirga ɗaya, biyu a zuci bayan wancan ya yi shiru kafin su amsa, saboda jinkirin layi. Wannan jinkirin ne ya sa azuzuwa biyu ba sa iya rera abu tare, kowa zai ji ɗan'uwansa a baya. A yi bi da bi. Ko a hakan ma, tacen hayaniyar manhajar yakan ɗauki tafi da amshin taro a matsayin surutu ya datse su, sai an sassauta shi a saitin sauti kafin a fara.

Kiran farko, in yaran ba su riga sun san garin abokan nasu ba, a yi wasan cankar gari da aka fi sani da Mystery Skype. Kowane aji na riƙe da taswirar duniya, ana tambayoyin da amsarsu e ko a'a ce kawai: kuna arewa da ikwaita? ƙasarku tsibiri ce? kuna da iyaka da teku? Har a gano. Sunan ya tsufa amma wasan yana tafiya a kowace manhaja.

Aikin da na fi so a ba su tsakanin kira da kira shi ne awon inuwa. Zariya tana kusan digiri 11 arewa da ikwaita, Leeds kusan 54. Wajen 20 ga Maris ko 23 ga Satumba, lokacin da dare da rana ke daidaita, kowane aji ya kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a miƙe a fili mai lebur, a riƙa sa alama a bakin inuwar kowane minti biyar daga 12 zuwa 1, a ɗauki mafi gajarta. A Zariya za ta zo wajen 12:30, tsawonta kamar santimita 20. A Leeds, in gajimare ya bar su, za ta kai kusan mita 1 da santimita 37. Sanda iri ɗaya, rana ɗaya, inuwa ta ninka kusan sau bakwai. Daga bambancin kusurwar nan, digiri 43 ko kusa, yara za su iya kimanta kewayen duniya kamar yadda masanin nan Bagirke Eratostenes ya yi a Masar fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Ga abin tattaunawa na kira guda cur, kuma datar da ya ci ba ta wuce ta hoto biyu ba. A Disamba su rubuta lokacin faɗuwar rana na mako guda: can kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, abin da yaranmu ba za su yarda ba sai an turo musu hoton taga sun gani.

Tunda Turanci kike koyarwa, kowane gida ya shirya bidiyon minti ɗaya yana bayanin abu ɗaya da hannunsa: yadda ake dama fura, yadda ake saƙa faifai, ko me ake yi da kuka da tsamiya. Ke ki tura wa malamar da daddare sanda sabis ya saki. Abu ɗaya da za ki tsare tun ranar farko: kada haɗin ya rikiɗe ya koma neman taimako. Da zarar yaro ya ce a aiko masa da waya, ko makaranta ta tura jerin bukatu, an tashi daga abokai an koma mai bayarwa da mai karɓa, yaranki kuma su ne za su fara jin kansu a ƙasa.

Hajiya_MaiKulaDaƊalibai

Malama, zuciyarki ta gaya miki gaskiya, kada ki buɗe guruf ɗin.

Ƙa'idar Facebook da WhatsApp da Instagram da TikTok duka shekara 13 ce mafi ƙaranci, 'yan aji biyu kuwa da yawansu ba su kai ba. Guruf na WhatsApp yana fallasa lambar kowa ga kowa, kuma galibin wayoyin na iyaye ne ko na yayye, ba ki san wa ke riƙe da su da daddare ba. Ita ma malamar can dokokin kare yara na makarantarsu da wuya su bar ta ta yi hakan. Ƙofa ɗaya ce: malama zuwa malama. Idan kuna son wurin da yara za su ga aikin juna, ku buɗe allo a Padlet, shafin intanet da ake liƙa rubutu da hotuna, na kyauta yana ba da allo uku, ku sa kalmar sirri, ku kunna saitin da ba abin da zai fito sai malami ya amince. Ko babban fayil a Google Drive da ku biyu kaɗai ke da izinin sakawa.

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, fuska da murya kuma bayanai ne. Takardar ta bi ta hannun shugaban makaranta, a rubuta ta da Hausa da Turanci, a kuma karanta ta a taron iyaye da malamai saboda waɗanda ba sa karatun boko. A raba tambayar uku, kowacce da gurbin sa hannunta: yaro ya fito a kiran kai tsaye, a naɗi kiran, a wallafa hotonsa. Uba zai iya yarda da na farko ya ƙi na uku, haƙƙinsa ne. Ni a ganina kada ma a naɗa. Yarinyar da aka hana ta fitowa ba a kore ta daga ajin ba, ta zauna inda kyamara ba ta kaiwa ta riƙe rubutu ko taswira.

Sunan farko kawai za a faɗa, ba sunan mahaifi, ba unguwa. Adireshin shiga kiran kada ya hau Facebook ko sitatus, a 2020 an sha fama da ɓata-garin da ke faɗawa azuzuwan Zoom da hotunan banza ta irin wannan sakacin. A kunna ɗakin jira, malama ce ke shigar da mutum da hannunta. Mu'amala tsakanin yaro da wani babba na can, ko da malami ne, ba tare da ke ba, babu ita.

Mushe_Maradi

Gaisuwa ga malamai. Ni shawarata ga masu karanta wannan da ba su samu abokin haɗi ba tukuna: ba dole sai Turai ba. Lakwal, wato makarantar boko, ta Maradi ko Damagaram da makarantar Katsina ko Kano agogonsu ɗaya duk shekara, azuminsu ɗaya, sallarsu kusan ɗaya, in Faransanci da Turanci suka cije a koma Hausa a warware. Yaran nan na koyon Turanci, naku na koyon Faransanci, kowa na da abin ba wani. Ko kuɗi kaɗai darasi ne: a nan dala sefa 5 ce, jika sefa 1,000, a wajenku jaka naira 200. Ga tarihi kuma, sarautar Maradi daga Katsina ta taso bayan jihadi. Sai dai a tuna mu sai Oktoba muke komawa aji, kuma rezo, wato sabis, a ƙauyuka saƙon murya ya fi ɗauka a kan bidiyo. Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Sudan tana gaba da ɗaya, Kamaru da Chadi daidai muke.

Mai son na nesa ya duba iEARN, ƙungiyar da ke haɗa makarantun ƙasashe daban-daban ta intanet, tun 1988 suke wannan aiki, da makarantun Mosko da na jihar New York suka fara. Shirin haɗa makarantu na eTwinning da za ku yi ta cin karo da shi na ƙasashen Turai ne da wasu maƙwabtansu, kada ku ɓata lokacin cika fom.

MalamarTuranci_Zariya

Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Injiniya, saura batun majigi. In tayar da janareta ko in haƙura da shi? Akwai batir da inbata a ofis da za a iya ara mana.

Injiniya_Sadarwa

Ki haƙura da shi in da hali, Malama. Majigi mai ƙwan fitila yana jan wat 250 zuwa 300, kuma da rana hotonsa ba ya fita sai an rufe tagogi. Kin rufe tagogi, kin jawo zafi, kin kuma duhunta fuskokin da kike son a gani. Janareta kuma ƙararsa makirufo zai fara ɗauka kafin muryar yaro. Ki ari talabijin mai inci 32 ko 43, ki haɗa da kebul na HDMI, ki ɗora shi sama yadda na baya za su hango.

Lissafin batir: mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a takarda. In na ruwa ne ko irinsa, rabi ake ci don kada ya mutu da wuri, saura 600, inbata ta ci nata, ki ƙaddara 500. Talabijin mai inci 32 kamar wat 50, laftof 45 zuwa 65, duka bai fi 120 ba, kin samu awa huɗu. Da majigi kuwa awa ɗaya da rabi ma da ƙyar. Batirin da ya tsufa ba zai ba da wannan ba, ki gwada shi kwana ɗaya kafin ranar da kayan a jone na tsawon awa guda.

Ki kula, da zarar kin soka HDMI, Windows takan mayar da sauti talabijin ba tare da ta tambaye ki ba. Ki koma saitin sautin manhajar ki sake zaɓar lasifikarki. In dole sai janareta, a kai shi bayan gini mita 15 ko fiye, nesa da taga saboda hayaƙinsa guba ne, a ja waya.

Ku kuma yi yarjejeniya da malamar kan abin da za a yi in layi ya fara yankewa, don kada a tsaya ana "kuna jina?" yara na dariya. Mataki na farko ku kashe naku bidiyon ku bar nasu. In bai gyaru ba, kowa ya kashe a ci gaba da murya. In ya yanke gaba ɗaya, minti uku ake jira, daga nan ki kira ta da kiran murya na WhatsApp a wayarki, ki zare kebul ɗin lasifikar daga laftof ki soka a wayar. Ki tabbata wayar na da ramin kebul ɗin, yawancin sababbi sai da 'yar mahaɗar USB-C, ki saye ta tun yanzu ki ɗaure ta a jikin kebul ɗin da zare.